Alkawarin Warin Takalmi

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki layin da ke bayan tashar mota ya san Tela Na-Hagu, ko bai san fuskarsa ba ya san ƙarar kekensa. Sauran teloli tuni suka koma keken lantarki, shi kuwa yana nan da tsohon baƙin kekensa mai feda, yana taka shi da ƙafar hagu, don ita kaɗai Allah ya bar masa. Ta daman ta tafi tun yana saurayi, lokacin da yake leburanci a wajen wani gini. Ƙarfe ne ya suɓuce daga sama ya faɗo mata, likitoci suka yanke ƙafar tun daga can saman cinya. Ya yi jinya, ya yi kuka, ya yi fushi da kowa har da masu zuwa duba shi. Wata rana kawunsa ya gaji, ya sa aka dire masa keken ɗinki a gaba ya ce, "Hannuwanka biyu lafiya lau, ƙafa ɗaya kuma ta ishi feda. Tashi ka daina cika mana gida da tsaki." Shi ke nan fa, ya zama tela.

Shagonsa bai fi ɗakin girki girma ba. Teburin yanka a jikin bango, almakashi ɗaure da igiya don kada maƙwabta su ara su manta, gwangwanin madara cike da maɓallai, dutsen guga a kan bulo, da wani madubi mai tsaga da ke raba fuskar kowa biyu. Ƙyallaye kuwa har ƙarƙashin kujera. A bakin ƙofa akwai benci, sandunansa biyu kuma suna jingine inda hannunsa zai kai. Mutum ne marar yawan magana, mai son baƙin kaya da tsabta, kuma ga abin mamaki, tela ne da ba ya saɓa rana. Ka ji fa, tela! In ya ce maka Laraba, to Laraba ce. In ya ga ba zai iya ba, sai ya miƙo maka yadinka ya ce ka gwada gaba. Mutane da yawa sun tafi da fushi a kan haka, yawancinsu kuma sun dawo da yadin a hamata bayan sun sha yawo.

Abu ɗaya ne ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya, kuma abin dariya ne in ba kai ya sama ba: takalmi. Babu mai sayar maka da wari ɗaya. Dole ya sayi duka biyun, ya sa na hagu, ya tura na dama ƙarƙashin gado. Zubarwa ya gagara, don sababbi ne fil, kyauta kuma ba ta yiwu ba, wa zai karɓa? Bayan ya yi aure, ranar da matarsa ta fara shara mai kyau ta jawo su ɗaya bayan ɗaya, ta jera a tsakar ɗaki, ta riƙe haɓa.

"Malam, wane mutum ne kake ɓoyewa a gidan nan? Ga ƙafafunsa na dama duk na gani."

A kantin wani dattijo yake saye, wanda layin kasuwa ke kira Baba Sau-Ciki saboda irin takalman da ya fi kawowa. Dattijon nan yana da ido. Wata rana Tela ya zo ya zaɓi baƙi kamar kullum, sai Baba Sau-Ciki ya mayar da kwalin kan kanta ya ce ba zai sayar ba.

"Dawo ranar Asabar da hantsi. Akwai wanda nake so ka gani."

Da ya dawo, tun daga bakin titi ya jiyo wata dariya kamar ana zazzage tsakuwa daga tifa. A kan kujerar gwaji ga wani ƙaton mutum, jar hula, riga mai fure-fure, sanduna biyu a gefe, ƙafar wandonsa ta hagu a naɗe an maƙale da fil. Tsohon direban babbar mota ne, hatsari ya ɗauke masa ƙafar daga ƙasan gwiwa, yanzu yana yankan tikiti a tasha. Ya dubi Tela sama da ƙasa, idonsa ya tsaya a kan ƙafar, ya buga cinya.

"Lamba nawa kake sawa, bawan Allah?"

"Arba'in da uku."

"Allahu akbar! Ashe kai ne ka riƙe mini ƙafata ta hagu duk shekarun nan!"

Tela bai so ya yi dariya ba, don shi ba ya wasa da baƙo, amma ta ƙwace masa.

Baba Sau-Ciki bai yarda a tashi haka kawai ba. Ya ce ya ga 'yan'uwa ciki ɗaya sun daina gaisawa a kan abin da bai kai wannan ba, don haka a yi magana a gaban shaida, kowa ya ji da kunnensa. Aka tsayar cewa babu wanda zai sayi takalmi shi kaɗai, kuma babu wanda zai sa wari sai ɗan'uwan warin yana ƙafar ɗayan. Zaɓe kuwa bi da bi ne, yau kai gobe ni, kuma abin da mai zaɓe ya zaɓa ba a musu. Suka haɗa hannu, dattijon ya ɗora nasa a sama, kowa ya ce Allah ne shaida. Direban, da yake bakinsa ba ya tsayawa inda aka ce ya tsaya, ya ƙara da nasa ba a tambaye shi ba.

"Har ƙasa ta rufe idon ɗayanmu!"

Daga ranar aka fara ce musu Na-Hagu da Na-Dama, sunayen nan kuma suka bi su har suka danne na yanka.

Wannan sharaɗi na rashin musu, Tela bai san abin da ya sa kansa ciki ba sai da zaɓe ya zo kan Na-Dama. Kai jama'a! Mutumin nan bai taɓa ganin launi ya wuce shi ba. Ja mai ƙyalli, fari mai ƙarfe a baki, wani kore-kore da ko ɗan rawa zai yi shawara kafin ya sa. Mafi muni shi ne rawaya, rawaya kamar ƙwaiduwa, kuma ya faɗo daidai lokacin da Tela zai je gaida surukinsa da ya dawo daga asibiti. Matarsa ta roƙe shi ya sa tsohon baƙin, wa zai sani? Ya ce shi zai sani. Haka ya shiga falon surukai da baƙar riga, baƙin wando, da ƙafa guda tana haske kamar fitila. Surukin da aka ce ko magana ba ya iyawa sosai ya dubi ƙafar, ya yi dariyar da sai da aka kawo masa ruwa. Daga baya iyalin suka riƙa cewa daga ranar ce tsohon ya fara samun sauƙi.

Shi ma Tela yana ramawa. In zaɓe ya dawo kansa sai ya ɗauko baƙi wuluk marar ko ɗigon ado, Na-Dama ya karɓi warinsa da fuskar mai zaman makoki yana cewa an mayar da shi ɗan sanda.

In za su fita tare, Tela yana hagu, Na-Dama yana dama, takalman suka zama kamar na wani ƙaton mutum ɗaya mai faɗin gaske. Masu shaguna sukan ɗaga murya, "Ga mai sanda huɗu nan tafe, a ba shi hanya!" Na-Dama ya ɗaga musu sanda ɗaya kamar shugaba a buɗaɗɗiyar mota. Kullum kuma in ya tashi daga tasha bayan la'asar, sai ya biyo ta shagon ya zube a benci, bencin ya yi ƙara.

"Na zo duba lafiyar warina. Kana goge shi kuwa? Kawo in gani."

Daga duba wari sai hira, sai shayi, sai labarin hanyoyin da ya bi da waɗanda bai bi ba amma yana rantsuwa ya bi. Tela yana ɗinki yana cewa "uhm", wani lokaci ya ce "ƙarya kake", shi ke nan gudummawarsa. A haka shekaru suka yi ta tafiya har suka doshi talatin. Ranar da naƙuda ta kama matar Tela, Na-Dama ne ya tsaya a tsakiyar titi da sanduna ya tare mota. Ranar da mahaifiyar Na-Dama ta rasu, Tela ne ya ɗinka likkafanin, hawaye na hana shi ganin ramin allura. Gaskiyar magana, Tela ya so mutumin nan fiye da yadda ya so 'yan'uwansa na jini. Amma bai taɓa faɗa ba, shi ma Na-Dama bai taɓa faɗa ba. In ka tambayi ko wannensu me ya haɗa su, takalmi zai ce maka.

Wata safiya matar Na-Dama ta shigo shagon ba yadi a hannunta. Ta gaisa, ta zauna a bakin bencin, tana murza gefen mayafinta.

"Baban Lauya, ƙarar mutuminka na kawo."

Lauya ita ce 'yar Tela ta fari, wadda aka tare wa mota. Gardamar da ta taso da ita ce ta jawo mata sunan, ga shi kuma ta girma ta zama akawu a kotu.

"Me ya yi kuma, uwargida?"

"Babban ɗanmu ya nemo masa ƙafar roba a wani asibitin ƙashi. An duba shi, an auna, likita ya ce tunda gwiwarsa na nan zai taka kamar kowa, ya ajiye sanduna. Abin da ya rage ya je a saka masa, a koya masa tafiya. Wata nawa ke nan ana kira yana ƙi. Wai mai ƙafa biyu takalmi biyu yake sawa, shi kuma ya rantse ba zai sa wari ba sai ɗayan yana ƙafarka. Na ce to a riƙa sayen biyu mana, ya ce wannan wayo ne, shi ba ya yi wa Allah wayo. Ya kuma hana kowa ya faɗa maka. Kafaɗunsa sun gaji, Baban Lauya. In ya kwanta sai na dafa masa ruwa na gasa masa."

Tela ya tsayar da keke. Abin da ya fara ji farin ciki ne, na gaske, wai mutuminsa zai taka ƙasa da ƙafa biyu. Bayan shi sai tsoro ya biyo. Shi tasa ƙafar an yanke ta can sama, tun tuni aka gaya masa ta roba ba za ta zauna ba. In Na-Dama ya miƙe, takalmi ya daina haɗa su, me zai kawo shi wannan bencin? Mai ƙafa biyu yana da wuraren zuwa. Sai kuma ya kama kansa yana jin daɗin cewa mutumin ya ƙi, kunya ta rufe shi har ya kasa duban matar.

"Je ki gida, uwargida. Zai je asibitin nan in sha Allahu. Ba zan ce kin zo ba."

Da yamma a gida, suna zaune a tsakar gida matarsa na tsince shinkafa, ya dubi Lauya kamar tambayar ba ta dame shi ba.

"Ke da kike zama a kotu, in mutum biyu sun ƙulla yarjejeniya, yaya ake yi ɗaya ya fita ba tare da laifi ya hau kansa ba?"

"Hanyoyi da yawa, Baba," in ji ta, har ta gyara zama don an taɓo inda take so. "Mafi sauƙi, in ɗayan ya fara karya sharaɗi, to shi wancan ya kuɓuta. Ba za a tilasta maka cika abin da abokin yarjejeniyarka ya riga ya rushe ba. Wa ke rigima?"

"Wasu mutane ne."

Matarsa ta ɗago ta dube shi, ta mayar da kai kan tirenta.

Wannan shawara ita ya ɗauka, kuma wallahi da ya san yadda za ta kaya da bai wahalar da kansa ba. Mutumin da bai taɓa saɓa wa mai kawo ɗinkin hula ba, shi ne ya tashi takanas zai karya rantsuwa da gangan. Bai je kantin Baba Sau-Ciki ba, don dattijon ya rasu, 'yarsa ce ke riƙe da wurin, kuma ta san zancen tun tana ƙarama. Can wani sabon kanti ya je a ƙarshen kasuwa, yana waige-waige kamar wanda ya saci akuya. Ya nuna wani takalmi ruwan ƙasa, ya karɓa ko gwadawa bai yi ba, gumi na bin bayansa. A shago ya sa na hagun, ya tura kwalin ƙarƙashin teburin yanka, ya miƙe ƙafar waje yadda makaho ma zai yi tuntuɓe da ita.

Bayan la'asar Na-Dama ya iso, ya zube a benci, ya buɗe baki zai yi maganar da ya saba, idonsa ya sauka a kan takalmin. Bakin ya tsaya a buɗe.

"Wannan fa?"

"Saya na yi," in ji Tela, idonsa a kan allura. "Ni kaɗai na je. Na gaji da jiran mutum in zan sayi abin ƙafata. Na karya, ka gani da idonka. Yanzu babu komai tsakaninmu, kowa ya yi abin da ya ga dama."

Na-Dama ya gyara zama a kan bencin. Ya dubi takalmin, ya dubi fuskar Tela da ke ta rawa kamar ta yaron da ya fasa tulu, ya dubi ƙarƙashin tebur. Sai ya miƙa sandarsa, ya ƙwaƙulo kwalin, ya buɗe, ya zaro na daman. Ya cire nasa tsohon a hankali, ya zura sabon, ya ɗaure igiya, ya juya ƙafar dama da hagu.

"Ai ba laifi. Launin dai na marasa lafiya ne, amma dama zaɓenka ne wannan karon. Na gode da ka hutar da ni zuwa kasuwa."

"Ba ka ji ba ne? Na ce na karya!"

"Na ji. Kai ka san abin da ka karya. Ni dai ranar da na ɗora hannuna, ban ce in ka cika zan cika ba. Cewa na yi Allah ne shaida, kuma ban ji an ce Ya tashi daga shaidar ba. Sa a kawo shayi."

Tela ya rasa inda zai sa kansa. Ga laifin karya rantsuwa ya ɗauka a banza, ga mutumin yana zaune daram da sabon takalmi yana kaɗa ƙafa. Da Lauya ta ji labarin wurin uwarta, ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce ita a kotunsu ba ta taɓa ganin wanda aka buɗe wa ƙofa ya ja ta ya rufe da kansa ba.

Washegari bayan azahar Tela ya tsaya a masallaci har mutane suka watse, ya matsa kusa da liman ya zayyana masa komai, har da ruwan ƙasan. Liman ya yi ta danne murmushi da gemunsa.

"Taka rantsuwar da ka karya, kaffara za ka yi, wannan tsakaninka da Ubangijinka ne. Shi ma in ya ga alheri a wani wajen, yana iya yin kaffara ya bi alherin. Amma na fahimci ba nan matsalarsa take ba. Kai ya yi wa alkawari, haƙƙin naka ne. Haƙƙin mutum kuwa ba ya sauka sai mai shi ya sauke da bakinsa. Ka taɓa ce masa ka yafe?"

Bai taɓa ba. Kuma ya san dalili. Karya sharaɗi da fushin ƙarya ya fi masa sauƙi sau dubu a kan ya dubi idon mutumin ya ce je ka, don in ya faɗi haka muryarsa za ta tona shi. A gida matarsa ta ƙarasa masa abin da liman ya fara.

"Ka zagaya kotu, ka zagaya kasuwa, ka zagaya masallaci, duk don gudun magana ɗaya. Malam, bakin nan naka ba don riƙe fil kawai aka yi shi ba."

Ranar Asabar ya ce wa Na-Dama ya raka shi kantin Baba Sau-Ciki. Kantin yana nan yadda yake, kwalaye har rufi, warin sabuwar fata, kujerar gwajin nan da aka sake wa ƙafa. 'Yar dattijon ta taso da fara'a tana tambaya zaɓen wa ne yau.

"Ba saye muka zo ba, 'yata," in ji Tela. "Mahaifinki ne shaidarmu, Allah ya jiƙansa. Ke za ki tsaya a madadinsa."

Ya jingina sanda ɗaya da kanta, ya miƙa hannu. Na-Dama ya ƙi miƙo nasa.

"Matata ce ta zo wurinka, ko?"

"Kawo hannunka."

"In tashi a kan ƙafa biyu, in riƙa wuce ka kana bin bayana da sanduna? Ni? Tare fa muka saba jerawa."

"To in ka ƙi, tawa ƙafar za ta tsiro ne? Kafaɗunka sun gaji, ni ma na gani, ba sai an faɗa mini ba. Kawo hannunka, kada ka sa in yi kuka a gaban yarinya."

Hannun ya zo. 'Yar dattijon ta ɗora nata a sama kamar yadda ubanta ya yi.

"Na sauke maka," in ji Tela, muryar kuwa ta tona shi kamar yadda ya ji tsoro. "Duk abin da ka ɗaukar mini a wurin nan na yafe, duniya da lahira. Ka cika, ka wuce cikawa. Je ka sa ƙafarka, ka sayi takalmanka biyu, ko masu ƙararrawa ne."

Na-Dama ya ja hanci da ƙarfi ya ce ƙurar kwalayen nan ta yi yawa, ya kamata a riƙa kaɗewa.

Cikin makon ɗansa ya zo ya tafi da shi. Asibitin yana wani gari, kuma koyon tafiya ba abin kwana biyu ba ne. Bencin ya zauna ba kowa. Tela yana ɗinkinsa, yana cika ranakunsa, amma in la'asar ta yi sai ya ji kunnensa ya tafi titi yana neman ƙwas-ƙwas ɗin sanduna. Sau ɗaya suka yi waya, Na-Dama yana ta ba da labarin sababbin abokan da ya yi a can, wani tsohon soja, wani malamin makaranta, duk masu koyon tafiya. Tela ya ce madalla, ya ajiye wayar, ya ɗinke aljihun wani wando ta ciki sai da ya farke. Ya gaya wa kansa daidai ya yi, kuma ya san daidai ne, amma sanin bai rage masa kewa ba ko kaɗan. Daga baya ya ji a bakin mutane cewa an ga motar ɗan ta dawo unguwarsu. Ya ci gaba da ɗinkinsa. Mutum ya dawo da ƙafa biyu, ga 'yan'uwa, ga masu barka, ina zai tuna da wani lungu a bayan tasha?

Washegari da hantsi yana yanka wata riga sai ya ji layin ya ɗauki sowa. Masu shaguna suna fitowa, wani na tafi, mai wankin hula yana ihu, "A hankali, direba! Riƙe sitiyari!" Tela ya ajiye almakashi ya leƙa.

Can tsakiyar layin ga Na-Dama tafe, a tsaye, tsawonsa ya fi yadda kowa ya sani. Yana tangaɗi kamar jirgin ruwa, gumi ya jiƙa rigar furanninsa sharkaf, ƙafafunsa biyu cikin wasu takalma shuɗɗa masu walƙiya da ko a mafarki Tela bai taɓa ganin irinsu ba. Babu sanda ko ɗaya. A kowane hannu yana riƙe da kofin shayi, rabin shayin ya riga ya ƙare a kan wandonsa. Ɗansa na biye da shi da hannuwa a buɗe, shi kuma yana daka masa tsawa ya matsa.

Ya iso bakin shagon yana haki, ya dire kofunan a kan teburin yanka, a kan yadin mutane, Tela ko motsi bai yi ba.

"Ka ga wannan? Ni na ɗauko su tun daga wurin mai shayi. Da hannuna. Biyu!" Ya tsaya ya ja numfashi. "Likitan nan kullum sai ya ce in sa wani wuri a raina da nake so in taka in je, wai yana taimaka wa mai koyo. Sojan ya ce filin ƙwallo, malamin ya ce ajinsa. Ni na yi ta lalube a kaina, duk faɗin duniyar da na zaga da mota, ban samo ko'ina ba sai wannan akurkin naka."

Tela ya dubi kofunan, ya dubi mutuminsa. Ya miƙa hannu zai jawo sandunansa ya tashi.

"Bar su," in ji Na-Dama.

Ya sunkuya, ya sa hannuwansa biyu a ƙarƙashin hamatar Tela, ya ɗaga shi tsaye cak, ya rungume shi ya ƙanƙame. Suka yi tangal-tangal su biyun a kan ƙafa uku, layin gaba ɗaya ya yi salati, amma ba su faɗi ba.

"Shekara nawa muna tare," in ji Na-Dama a kunnensa, "ban taɓa samun hannun da zan riƙe ka da shi ba. Jingina sosai, mutumina. Zan iya."

Tela ya saki nauyinsa duka a kansa, ya yi kukansa a gaban kowa, bai ji kunya ba.